Hanyoyin Shigar da Kwamfutar Tebur Cikin Haɗakar Sadarwa Ba Tare da Katin Sadarwa Ba

1.0 Gabatarwa

Tun daga shekarun 1980, lokacin da kwamfutar tebur ta fara shiga ofisoshi da sassan jami'o'i, masu nazarin harsuna suka riƙa danƙa mata amanar ayyukansu, kama daga jerin kalmomi da rubutattun tatsuniyoyi, har zuwa kundayen digiri da daftarin ƙamus. Da yawa daga cikin waɗannan na'urori an saye su ne domin buga rubutu kawai, saboda haka ba a sanya musu katin sadarwa ba. Wasu kuwa an sanya musu, amma tsawa ko hawa da saukar wutar lantarki sun ƙone shi. Duk na'urar da ta sami kanta a wannan hali ta zama rumbu marar ƙofa, kuma ranar da faifan cikinta ya mutu, aikin shekaru ya salwanta ke nan.

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana hanyoyin da ake bi a haɗa irin wannan na'ura da wata, ko da wasu, ba tare da an buɗe cikinta an soka sabon kati ba. Za a fara da ma'anar kalmomin da aka yi amfani da su, sannan a dubi aikin katin shi kansa, domin sai an san abin da yake yi ne za a san abin da zai iya tsaya masa. Daga nan za a kasa hanyoyin gida biyu, a auna saurinsu, a kuma taɓo wata matsala da ta shafi rubutun harsunan Nijeriya kai tsaye.

2.0 Ma'anar Wasu Kalmomi

A wannan maƙala, haɗakar sadarwa na nufin kwamfutoci biyu ko fiye da aka haɗa domin su yi musayar bayanai. Katin sadarwa shi ne ɗan allon lantarki da ake sokawa a gurbin da aka tanada a jikin uwar allo, watau babban allon da sauran sassan kwamfuta ke manne da shi. Kafa ita ce kowace mashiga a bayan kwamfuta inda ake jona waya. Bit shi ne mafi ƙanƙantar awon bayani, ko dai 0 ko 1, bit takwas kuma su ne bayit guda. Kafar jerin-gwano ita ce wadda bit ke bi ɗaya bayan ɗaya a kan sili guda, ita ce kwamfuta ke kira COM1 ko COM2. Kafar sahu ita ce wadda bit takwas ke fita a lokaci guda kafaɗa da kafaɗa, ita ce ta firinta, wadda ake kira LPT1. Ƙunshi kuwa shi ne guntun bayani da aka ɗaure, aka rubuta masa adireshi, aka aika. Direba ita ce 'yar manhajar da ke koya wa kwamfuta yadda za ta yi mu'amala da wani sashe da aka jona mata.

3.0 Aikin Katin Sadarwa

Tsarin da mafi yawan katunan sadarwa ke bi shi ne Ethernet, wanda Robert Metcalfe da abokan aikinsa suka ƙago a cibiyar bincike ta kamfanin Xerox da ke Palo Alto a Amurka a shekarar 1973. An amince da shi a matsayin ma'auni na bai-ɗaya a 1983, da saurin bit miliyan 10 a daƙiƙa, sannan a 1995 aka fito da mai saurin bit miliyan 100.

Katin yana gudanar da ayyuka uku. Na farko, yana mayar da bit zuwa alamun lantarki da za su iya tafiya a kan waya, ya kuma mayar da waɗanda suka iso zuwa bit. Na biyu, yana ɗaure bayanai ƙunshi-ƙunshi, ya sa wa kowanne alamar farko da lambar tantancewa, yadda mai karɓa zai gane ko wani abu ya ɓaci a hanya. Na uku, yana ɗauke da adireshi na kansa mai bit 48, wanda da shi ake bambance wannan na'ura daga sauran da ke kan waya ɗaya.

Abin lura a nan shi ne, babu ɗaya daga cikin ayyukan nan uku da ya zama dole sai kati ne zai yi shi. Duk wata kafa da za ta iya fitar da alamar lantarki ta kuma karɓa, ta ɗauke aiki na farko. Aiki na biyu manhaja na iya yin sa. Aiki na uku kuwa ba ya ma tasowa idan na'urori biyu ne kaɗai a kan wayar, tun da duk abin da ya fito daga wannan, na waccan ne. Bisa ga haka, hanyoyin da za a duba sun kasu kashi biyu: waɗanda suka rarraba aikin katin tsakanin wata kafa da manhaja, da waɗanda suka ɗauke katin daga gurbinsa suka mayar da shi wani wuri.

4.0 Hanyoyin da Suka Maye Gurbin Katin

4.1 Kafar Jerin-gwano

Wannan kafa tana bin ma'aunin RS-232, wanda aka fito da shi a 1960 domin haɗa na'urorin buga saƙo da modem. A kwamfutar tebur takan zo da haƙora 9 ko 25. A mai haƙora 9, ta haƙori na 3 ake aikawa, ta na 2 ake karɓa, na 5 kuma shi ne na ƙasa, wanda ake auna ƙarfin sauran da shi. Idan aka haɗa kwamfuta biyu da waya miƙaƙƙiya, haƙori na 3 zai faɗa kan na 3, kamar dai mutum biyu kowa na magana a bakin ɗan'uwansa maimakon kunnensa. Maganin wannan shi ne wayar gicciye, wadda a cikinta aka kai silin haƙori na 3 na wannan ɓangare zuwa na 2 na wancan, da na 2 zuwa na 3, aka bar na 5 a miƙe. Da waɗannan silla uku kaɗai za a iya aiki. Cikakkiyar wayar tana ƙara gicciya haƙori na 7 da na 8, da kuma na 4 da na 6, waɗanda da su ne na'ura ke ce wa 'yar'uwarta ta dakata ko ta ci gaba.

Wajibi ne ɓangarorin biyu su daidaita a kan sauri ɗaya da tsari ɗaya kafin su fara. Mafi girman saurin da kafar kwamfuta ta yau da kullum ke kaiwa shi ne bit 115,200 a daƙiƙa. Sai dai kowane bayit yana tafiya ne da bit guda na buɗewa da guda na rufewa, watau bit 10 ke nan maimakon 8, saboda haka abin da ke wucewa bai wuce bayit 11,520 a daƙiƙa ba. Na'urorin farko masu ɗauke da guntun lantarki samfurin 8250 sukan zubar da bayanai a irin wannan sauri, domin ba su da inda za su ajiye abin da ya iso kafin a kwashe. Samfurin 16550A, mai ma'ajin bayit 16, shi ya magance wannan. Ta fuskar tsawo kuma, an fi so kada wayar ta zarce kimanin mita 15.

Kwamfutocin da ake ƙerawa a yanzu galibi ba su da wannan kafa, amma akwai 'yar waya mai mayar da kafar USB ta zama ta jerin-gwano. Da ita ne ake haɗa tsohuwar na'ura da sabuwa.

4.2 Ƙa'idojin da Ke Bin Wayar

Waya kaɗai ba ta isa ba, sai da ƙa'idar da ɓangarorin biyu suka yarda da ita. Idan buƙatar ita ce kwashe fayil kurum, akwai tsofaffin ƙa'idoji uku da suka shahara: XMODEM na Ward Christensen a 1977, da Kermit na Jami'ar Columbia a 1981, da ZMODEM na Chuck Forsberg a 1986. Dukkansu suna yanka fayil gunduwa-gunduwa, su tantance kowace, su sake aika wadda ta ɓaci. Kermit ya yi fice wajen haɗa na'urori mabambanta jinsi.

Idan kuwa ana son na'urar ta shiga haɗaka sosai, ta sami adireshin intanet kamar kowace, to sai a nemi SLIP ko PPP. An wallafa bayanin SLIP a 1988, kuma sauƙinsa ya kai matuƙa: yana aika ƙunshi, ya rufe shi da lamba 192. Idan lamba 192 ta faɗo a cikin saƙon kansa, sai a musanya ta da 219 da 220 a jere, don kada mai karɓa ya zaci ƙunshin ya ƙare. Iyakar aikinsa ke nan. Ba ya tantance kuskure, ba ya kuma raba adireshi, sai mai aiki ya rubuta da hannunsa a kowane ɓangare. PPP, wanda ya fara fitowa a 1989 aka kuma daidaita shi a 1994, ya cike waɗannan giɓi: yana sa lambar tantancewa a kowane ƙunshi, yana iya neman suna da kalmar sirri, kuma ɓangarorin biyu na iya sasantawa a kan adireshi da kansu. Wannan ne ya sa ya ture SLIP.

A nan akwai sharaɗi guda. Wayar gicciye na'ura biyu kawai take haɗawa. Domin marar kati ta kai ga sauran haɗakar, dole ne ta biyun ta kasance tana ciki, a kuma umurce ta da ta riƙa miƙa ƙunshin 'yar'uwarta gaba, ta karɓo mata amsa. Ta zama dillaliya ke nan, kuma duk sa'ad da aka kashe ta, hanya ta toshe.

4.3 Kafar Sahu

An ƙera kafar firinta ne domin bayani ya fita kawai. A tsarinta na asali, silla takwas na bayanai ba sa karɓa. Amma akwai wasu silla biyar da firinta ke amfani da su wajen mayar da rahoto, alal misali cewa takarda ta ƙare, ko tana cikin aiki, ko an sami tangarɗa. Dabarar da masu fasaha suka yi ita ce su kai haƙora na 2 zuwa na 6 na wannan kwamfuta kan haƙora na 15 da 13 da 12 da 10 da 11 na waccan, haka kuma daga can zuwa nan. Ta haka silin da aka yi domin faɗin ƙarewar takarda ya koma ɗaukar bayani. Bit huɗu ke wucewa a lokaci guda, na biyar kuma yana ba da alamar cewa sun iso, saboda haka kowane bayit sawu biyu yake yi. Duk da haka, saurin ya ninka na kafar jerin-gwano sau da dama.

Wannan waya ta yi suna da sunan manhajar LapLink. A 1993 kamfanin Microsoft ya sanya INTERLNK da INTERSVR a cikin MS-DOS 6.0, waɗanda ke sa faifan wata kwamfuta ya bayyana a ɗayar kamar nata ne, ta kafar sahu ko ta jerin-gwano. Har ma INTERSVR na iya kwafa kansa zuwa na'urar da ba ta da shi ta cikakkiyar wayar gicciye, abin da ke da amfani ƙwarai idan mazubin faifan tafi-da-gidanka ya lalace. Windows 95 ya zo da nasa tsarin haɗin waya kai tsaye, wanda ya ci gaba har zuwa Windows XP, aka cire shi a Windows Vista. A tsarin Linux kuwa, PLIP ne ke bi da ƙunshin intanet ta wannan waya.

4.4 Modem da Layin Tarho

Modem yana mayar da bit zuwa sauti da layin tarho zai iya ɗauka, wato tsakanin kaɗawa 300 zuwa 3,400 a daƙiƙa. Ana jona shi a kafar jerin-gwano, PPP kuma ya bi ta kansa. Ma'aunin V.34 na 1994 ya kai bit 28,800 a daƙiƙa, daga baya aka ɗaga shi zuwa 33,600, sannan V.90 na 1998 ya kai 56,000 wajen saukowa kawai. Ta wannan hanya ce mutane da yawa a duniya suka fara shiga intanet a shekarun 1990, ba tare da sun taɓa mallakar katin sadarwa ba. A Nijeriya hanyar ta dogara ne a kan layukan ƙasa na NITEL, waɗanda ba su wadata ba, kuma bayan zuwan wayar salula ta GSM a 2001 sai layukan suka yi ta ja da baya. A yau muhimmancin wannan hanya a ƙasar na tarihi ne.

5.0 Hanyoyin da Suka Sauya wa Katin Mazauni

5.1 A Jikin Uwar Allo

Daga farkon shekarun 2000 masu ƙera kwamfuta suka mayar da aikin katin cikin wani ɗan guntu a jikin uwar allo. Kafin a nemi wata dabara, ya kamata a duba bayan na'urar ko akwai kafa mai kama da ta tarho amma ta fi ta faɗi, mai silla takwas. Sau da yawa tana nan, sai dai an kashe ta a saitin BIOS, ko kuma ba a ɗora mata direba ba.

5.2 Ta Kafar USB

An fito da USB a 1996. Samfurin 1.1 na 1998 yana da saurin bit miliyan 12 a daƙiƙa, samfurin 2.0 na shekarar 2000 kuma miliyan 480. Akwai ƙananan na'urori da ake sokawa a wannan kafa, wasu na wayar Ethernet, wasu na Wi-Fi. A haƙiƙa katin sadarwa ne cikakke, mai adireshinsa na bit 48, aka fito da shi waje. Dabarar ma ta girmi USB, domin tun ƙarshen shekarun 1980 kamfanin Xircom ya sayar da irinsa da ake maƙalawa a kafar firinta.

Matsalar wannan hanya ita ce direba. Windows NT 4.0 da fitowar farko ta Windows 95 ba su san USB ba sam, sai daga Windows 98 abin ya kankama, kuma sabbin na'urori da wuya su zo da direban tsofaffin tsare-tsare. Tilas ne a nemo direban da wata kwamfuta, a kawo shi a faifai. Haka nan, kada a kuskura a haɗa kwamfuta biyu da wayar USB mai kai iri ɗaya, domin kowaccensu na tura wuta mai ƙarfin bolt 5, kuma hakan na iya ƙona kafar. Wayar da aka yi domin wannan aiki tana da guntun lantarki a tsakiyarta.

5.3 Ta Wayar Salula

Idan aka jona wayar salula da kwamfuta ta USB aka kunna rabon intanet, wayar kan gabatar da kanta ga kwamfutar a matsayin katin sadarwa, ta ba ta adireshi, ta kuma yi mata dillanci zuwa kamfanin sadarwa. Wayar iPhone ta sami wannan a 2009, Android kuma a samfurin 2.2 na 2010. Ga kwamfutar da ba ta tsufa ainun ba, wannan ita ce hanya mafi sauƙi, tun da ba a sayen komai sai kuɗin data.

6.0 Gwajin Sauri

Lissafi kaɗan zai nuna abin da kowace hanya ta dace da shi. Faifan tafi-da-gidanka mai inci uku da rabi yana ɗaukar bayit 1,474,560. A kafar jerin-gwano, bisa mafi girman sauri, zai wuce cikin daƙiƙa 128. Idan na'urar ba ta jure fiye da bit 9,600 ba, zai ci kusan minti 26. A Ethernet mai bit miliyan 10 kuwa bai kai daƙiƙa biyu ba. Kundi mai shafi 300, in aka ƙaddara harafi 2,000 a kowane shafi, bayit 600,000 ne, watau ƙasa da minti guda ko a kafar jerin-gwano. Amma sautin awa guda da aka naɗa da ingancin faifan CD ya haura bayit miliyan 635, kuma zai ɗauki fiye da awa 15 a wannan kafa. Ke nan tsofaffin kafofi sun wadatar ga rubutu, amma ga taskar sauti ko hoto sai an nemi USB, ko a cire faifan ciki a jona shi a wata na'ura.

7.0 Matsalar Haruffa Masu Lanƙwasa

Wannan sashe ya fi shafar masu nazarin harsunan Nijeriya. Ana iya saita kafar jerin-gwano ta ɗauki bit 7 ko 8 a kowane harafi. Haruffan Ingilishi duka suna ƙasa da lamba 128, saboda haka bit 7 ya ishe su. Haruffan Hausa masu lanƙwasa, da wasula masu ɗigo a ƙasa na Yarabanci da Ibo, da alamun karin sauti, duk sun fita daga wannan iyaka. Alal misali, a tsarin UTF-8 harafin ƙ bayit biyu ne, 198 da 153. Idan hanyar ta yanke bit na takwas, 198 zai koma 70, wanda shi ne harafin F, 153 kuma ya koma 25, alamar da ba ta bayyana a rubuce. Sai kalmar ƙasa ta iso a matsayin Fasa, ba tare da na'ura ta yi ƙorafi ba. Don haka a saita ɓangarorin biyu a kan bit 8, a kuma umurci manhajar ta aika fayil yadda yake, kada ta ɗauke shi a matsayin rubutun da za ta gyara.

Har ila yau, kafin tsarin Unicode, wanda ya fara fitowa a 1991, ya game ko'ina, masu rubutu kan yi amfani da zubin haruffa na musamman, inda aka ɗora ɓ ko ɗ ko ƙ a gurbin wata alama da ba a cika buƙata ba. Fayil irin wannan ba ya ɗauke da siffar harafin, lambar gurbin kawai yake riƙe da ita. Wanda ya kwashe rubutun ya bar zubin haruffan a tsohuwar na'ura zai tarar da baƙin alamu a duk inda harafi mai lanƙwasa yake. Ya kamata a kwafi zubin tare da rubutun, a kuma buga shafi ɗaya a takarda domin a riƙa gwadawa da shi lokacin mayar da rubutun zuwa Unicode.

8.0 Kammalawa

An ga cewa katin sadarwa ayyuka uku yake yi, kuma ana iya rarraba su ga wata kafa da manhaja, ko a ɗauke su zuwa uwar allo, ko USB, ko wayar salula. Zaɓin ya danganta ga shekarun na'urar. Mai aiki da MS-DOS, wayar gicciye da Kermit ko INTERLNK suka dace da ita. Mai Windows 95 ko 98, haɗin waya kai tsaye ko PPP. Wadda ta zo bayan haka kuwa, USB ko wayar salula. A kowane hali, a kashe na'urorin kafin a jona wayar firinta, a kuma ba su wuta daga soket ɗaya, domin bambancin wutar ƙasa tsakanin ɗaki da ɗaki na iya lalata kafa.

Daga ƙarshe, ya kamata a rarrabe tsakanin haɗa tsohuwar na'ura domin ceto abin da ke cikinta da barin ta a intanet. Microsoft ya daina gyara kafofin ɓarna na Windows 98 a 2006, na Windows XP kuma a 2014, saboda haka na'urar da ke aiki da su ba ta da kariya daga miyagun manhajoji. Abin da ya fi dacewa shi ne a haɗa ta da kwamfuta guda amintacciya, a kwashe rubuce-rubucen tare da zubin haruffansu, a tantance su shafi-shafi, a adana su a wuri fiye da ɗaya, sannan a cire wayar.